Takardar Auren Ƙanwata

Laifina ne, ba na kowa ba. Ni na hana a yi wa auren ƙanwata rajista, kuma ba don komai ba sai don na raina wanda ya ba ni shawarar.

Mutumin ƙauyen Gbalahi ne, Badagombe, ubansa na yanko ciyawar doki ya kawo kasuwar Tamale. Ni kuwa tela ne a zango, kakana daga Kano ya zo, ina jin kaina kamar da alkyabba aka haife ni. Masinja ne a ofishin Disi, Baturen gunduma, lokacin da na san shi, da gajeren wando na kaki da ni nake yi wa faci. Daga baya ya zama akawun da ke rubuta aure. Darussa na zuwa masa ta gidan waya, yana karantawa a kan bencin shagona, muna yi masa dariya.

Ana saura kwana biyu ɗaurin aure ya ce, "Malam, ku zo ofis cikin mako guda a rubuta. In ba takarda, kotu ba za ta raba gado da shari'ar Musulunci ba."

Na ce, "Ɗan ciyawa, liman ya ɗaura, kai za ka ƙara ɗaurewa? Je ka koya wa dawaki."

Duk shagon ya ɗauka da dariya. Ya naɗe wandonsa ya fita.

Bayan Bature ya tafi aka buɗe makarantar lauyoyi a Ankara, babban birnin ƙasar, ya samu shiga. Na ce ko jaki aka kai Ankara zai dawo da kwat. Ya dawo, ya kama ɗaki ɗaya kusa da kotu, kuma ba ya karɓar shari'a sai ta aure, riƙon 'ya'ya da gado. Na sa masa suna lauyan zawarawa.

Sai mijin ƙanwata ya mutu. Ko takaba ba ta gama ba danginsa suka zo gidan da ya bari a unguwar Gumbihini, mutanen da ba su taɓa ɗora bulo ɗaya a ginin ba, suna auna ɗakuna da ido. Suka ce bisa al'adarsu gidan na dangi ne, ta kwashe 'ya'yanta uku. Na je kotu da limamin da ya ɗaura auren. Akawu ya ce, "Ina takarda?"

Ita ta je wurin lauyan zawarawan, ni na kasa. Wata bakwai yana tara shaidu, har magina ya nemo. Ya ƙwato wa 'ya'yan ɗaki biyu cikin shida. Sauran huɗun, bakina ne ya cinye su.

Na same shi a ofis, na cire takalmi a ƙofa, na durƙusa irin gaisuwar mutanensa da nake yi wa ba'a.

Ya ce, "Tashi, Malam, za ka ɓata riga."

Na ce, "Bari ta ɓaci. Ka faɗa mini gaskiya a gaban mutane, na zagi ubanka. Ba ka yi mini komai ba. Ka yafe mini, Lauya."