Layi Ukun da Ka Bar Wa Kwamfutar Bakin Taga

Ranar Laraba, sha bakwai ga watan Yuni, da hantsi, ina tsakiyar duba shafin wani littafi Manaja ya shigo ɗakin aikinmu ya ce Mai Saiti ya rasu. Na Allah muke, kuma gare Shi muka nufa. Kai Mai Saiti, kwana huɗu kacal ka yi a kwance. Kowa ya yi salati, ni ma na yi, amma ba zan yi maka ƙarya kana kabari ba: abin da ya fara faɗo mini a rai shi ne, yanzu asirina a hannun wa ya koma?

Mu tara ne a kamfanin ɗab'in, dukanmu da manhajar rubutu ɗaya muke aiki, kuma kai ka tsara mata saiti guda na kowa da kowa: girman harafi, launin shafi, maɓallan da ke rage wahala. Duk farkon wata sai ka sabunta babban fayil ɗin, ya sauka a kwamfutocinmu. Dokarka ɗaya ce, mun ji ta har mun haddace: “Kada wanda ya taɓa babban fayil. Mai son wani gyara na kansa ya zuba shi a ƙaramin fayil ɗinsa, sabuntawa ba za ta share shi ba.” Lokacin da mai tsara shafi ta karye a hannun dama, kafin ta dawo aiki ka mayar mata da maɓallanta ɓangaren hagu, ba ta ma roƙe ka ba.

Sai dai ƙananan fayilolin nan a wuri ɗaya suke, kowa yana iya buɗewa ya ga na kowa. Ni kuwa shekara uku da suka wuce idona ya fara hazo. Aikina duba kurakurai ne, ina da ’ya’ya huɗu, kuma na san Manaja ba mutum ne mai ajiye abin da ya daina yi masa amfani ba. In na rubuta a ƙaramin fayil cewa ina son manyan haruffa, na kai ƙarar kaina ke nan. Don haka na karya dokarka. Na buɗe kwafin babban fayil da ke kwamfutata, na ƙara girman harafi, na juya teburina ya ba taga baya don kada mai wucewa ya leƙa. Wata ya kama, sabuntawa ta share gyaran. Na sake, ta sake sharewa. A wata na uku sai ta zo ta wuce, haruffana suna nan yadda na bar su.

Wani zai yi hamdala. Ni gabana ne ya faɗi, domin na san fayil ba ya tausayin mutum, dole wani ya shiga kwamfutata. Daga ranar na sa maka ido. In ka shiga ofishin Manaja na duba agogo, in ka fito na karanci fuskarka. In ka ce “Yaya, ya ƙarfin jiki?” sai na ce a raina, jikin wa yake nufi? Ranar da na tarar da katin wani likitan ido a ƙarƙashin kofin shayina, na ɗauka gargaɗi ne, na yayyaga shi a gabanka. Sai ka ci gaba da danna maɓallanka kana ɗan fito kamar yadda ka saba, ni kuwa fiton nan ma na fassara shi. Sau biyu ka gayyace ni gidanka na ce ina da uzuri. Abin da kawai ya riƙe ni shi ne ganin idon ya tsaya inda yake, kusan shekara uku ban ji ya ƙara lalacewa ba.

Bayan rasuwarka da mako biyu aka miƙa saitin ga Injiniya, wadda ka koya wa aikin. Ran nan ta jira kowa ya fita cin abincin rana, ta jawo kujera kusa da ni.

“Baba, akwai wani abu a ƙasan babban fayil, ban san yadda zan yi da shi ba.”

Na ce a raina shi ke nan, ranar ta zo. Ta karanta mini, don ni ba na iya ganin allonta. Ka rubuta umarnin da ke sa kwamfutata ita kaɗai ta ɗauko wani saiti na daban bayan kowace sabuntawa, a samansa kuma ka bar layi uku: “Wannan na kwamfutar bakin taga ne, kada a cire. A ƙara girman harafin da maki ɗaya duk bayan wata huɗu. Kada a tambayi mai ita dalili, a dai ci gaba da ajiye masa katin likita.”

Ashe idon bai tsaya ba. Kai ne kake bin sa a hankali kana faɗaɗa masa hanya, ni kuma ina zaune taku biyar daga teburinka ina ƙirga maka laifi. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, kuma mutumin da zan ba haƙuri ba ya nan.

Halin nawa bai bar ni ba har yau. Na kwana biyu ina tunanin ko Injiniya ta riga ta kai wa Manaja maganar. Sai na ga gara na hutar da ita da kaina. Manaja zai karanta wannan rubutu kamar kowa, kuma abin da ya ga dama ya yi. Jibi zan je wurin likitan. Girman harafina kuwa na mayar da shi ƙaramin fayil, inda ka ce a sa tun farko, kowa ya buɗe ya gani.

Ina miƙa ta'aziyyata ga maiɗakinka da yaranku biyu da mahaifiyarka, Allah Ya ba ku haƙurin wannan rashi, Ya tsaya muku. Ku yafe mini rashin zuwa gidan yana raye, laifina ne ba nasa ba. Ya Allah, bawanka ya rufa mini asiri shekara uku ina zarginsa, bai taɓa nuna mini ya sani ba. Ka gafarta masa, Ka haskaka kabarinsa, Ka rufa masa asiri ranar da babu mai rufawa sai Kai. Amin.