Baffa Hamajoda, Kurar da Ke Ceton Maraƙi

Da zarar ruwan farko ya sauka a tsaunukan Banyo, shanu suka fara haihuwa, tuwo ya daina yi wa Baffa Hamajoda daɗi. Kullum da hantsi zai sauko da tsohuwar fatar kura daga rufin ɗakinsa, ya kakkaɓe ta, ya shanya a kan danga, ya zauna yana kallon hanya. Duk wanda ya hango tafe da sauri, sai gabansa ya faɗi. Shekara talatin da huɗu ke nan, kuma da bakinsa ya ce bai taɓa sabawa ba.

Aikinsa kowa ya san shi, ba mai son gadonsa. Wata karsanar, in ta sha wuyar haihuwar fari, sai ta tsani abin da ta haifa. A barbaɗa wa maraƙin kanwa, ta ƙi lasa. Ya nufi hantsa, ta sa masa ƙafa. Wanda ya wuni ya kwana bai sha dakashi, wato nonon farko, ba kuwa, sai dai a nemi wurin yar da shi. Nan ake kiran Baffa. Ya yafa fatar, ya taho da rarrafe kamar zai ɗauke jinjirin, don tsoro ya tuna wa uwar cewa ita uwa ce. In ta tuna, kansa za ta yo da ƙaho.

Bara a gidan Njobdi muka ga abin da har yau ke tayar mana da tsigar jiki. Ciwo ya share masa garke, ya bar masa jar karsana guda mai ƙaho kamar mashi. Ta haifi mace, ta ƙi ta. In maraƙar ta mutu nonon ya ƙafe, gidan ya rabu da irin shanu ke nan.

Dudu, matar Njobdi, ta dubi yadda tsohon ke ɗingishi. "Baffa, da wannan gwiwar?"

"Yo gwiwata 'ya'yanki za su sha?"

Njobdi ya ce, "Ba ni fatar, Baffa. Saniyata ce."

"Shi ya sa. Kura mai warin mai gida, ai saniya ma dariya za ta yi." Baffa ya ɗaura fatar. "Kome ta yi mini, kada wanda ya dake ta. In kuka dake ta a kan 'yar, ta ƙi ta har abada."

Ya rarrafa. Saniya ta ci gaba da cin ciyawarta. Ya matsa, ya yi gurnani, ko a jikinta. Ya wuce inda ya saba tsayawa, dangar da yake tsallakewa ya tsira ta yi masa nisa, har ya kama ƙafar maraƙar ya ja. 'Yar ta saki wani siririn kuka.

Kafin mu ƙifta ido uwar ta juyo. Baffa ya yunƙura, gwiwa ta ƙi. Ƙahon ya same shi a haƙarƙari, ya mirgina cikin taɓo. Njobdi ya ɗaga sanda, sai muka ji murya daga ƙarƙashin fatar: "Ajiye."

Wallahi ban taɓa ganin sandar da ta yi wuyar ajiyewa kamar wannan ba. Saniyar ta tattaka ƙasa, ta yi huci, sannan ta koma ta tsaya a kan 'yarta, ta fara lasa. Da muka jawo shi, haƙarƙari biyu a karye, abin da ya fara tambaya shi ne, "Tana sha?" Tana sha.

Baffa, kai ne kurar da makiyayi ke yi wa maraba. Rabin shanun ƙauyen nan a bayanka suka rayu, kuma ba a taɓa yi maka kiɗa ba. Mun gode. Allah Ya saka, Ya sassauta maka ciwon nan da ke tashi duk sanda hadari ya haɗu.

Bana ba zai iya rarrafe ba. Ruwa ya sauka, karsana uku na ɗauke da ciki a ƙauyen, fatar tana kan danga. Ya ce mai so ya zo ya koya masa, amma ban da marar tsoro, don shi ƙaho ke kashewa. To, mu da muke shan nonon nan, a tsoro dai ba a bar mu a baya ba. Wa zai je?