Kashin Giwar Goggo

Da aka sa sunana cikin ma'aikatan ruwa na Tiga da za a tura ƙasar Tailan koyon noman rani na shinkafa, kowa a gidanmu ya kawo saƙonsa. Wannan agogo, waccan gyale. Goggo, ƙanwar mahaifina wadda ta raine ni bayan rasuwar mahaifiyata, ta bari sai da kowa ya watse sannan ta kira ni ɗakinta.

"An ce garin giwaye za ka. Ni kashin giwa nake so, ɗan nan. Na gaske."

Ta daɗe tana fama da ciwon kai. Asibiti sun ce hawan jini ne, suka ɗora ta kan ƙwayoyi. Ita kuwa ta ce iska ce, kuma tun kakanni da hayaƙin kashin giwa ake korar ta. Wanda masu magani ke kasawa a kasuwar Ƙafin Maiyaki, a cewarta, jaki ne ya yi shi. Na yi dariya na ce an gama. Alkawari kaya ne, amma ranar ban ji nauyinsa ba.

Wata ranar hutu aka kai mu wani gandu inda ake kula da giwayen da suka tsufa a aikin jan gungumen itace. Na miƙa wa wata tsohuwarsu rake, ta sa hancinta mai danshi ta karɓa a hankali, tana dubana da ido irin na tsohuwar saniya. Kashi kuwa ga shi nan tuli-tuli, kowane curi ya kusa cika ƙaramar ƙwarya, kuma ga leda a aljihuna. Sai dai ga Turawa da kyamarori, ga ni cikin sabuwar shadda, ga kuma wani abokin aikina ɗan Tudun Wada wanda in ya samu abin tsokanarka, har ka yi ritaya ba zai sake ka ba. Na ce a raina ko na ɗauka ba za a bar ni na wuce da shi a filin jirgi ba. Gaskiya ne, amma ban tuna da wannan hujjar ba sai bayan kunya ta riga ta hana ni sunkuyawa.

Daga nan aka wuce da mu kufan wani tsohon birni da yaƙi ya cinye. Wuraren bautarsu na jan bulo sun zube, gumaka a jere ba kawuna, akwai ma kan wani da saiwar bishiya ta naɗe shi, fuskar kawai ke leƙowa. Ina tsaye ina kallo matata ta bugo waya, ta ce ga Goggo. Bayan mun gaisa, ba ta tambaye ni abinci ko sanyin garin ba.

"Ka samo?"

Na ce, "Na samo, Goggo." Na ji ta tana hamdala, ni kuwa sauran gine-ginen da aka zagaya da mu ban san me aka ce a kansu ba.

Da na dawo, kafin na shiga gaishe ta, na hau acaɓa zuwa Ƙafin Maiyaki. Na sayi wanda ta ce na jaki ne, na juye shi a ledar da ke da rubutun Tailan. Ta sunsuna ta gyaɗa kai ta ce, "Ka ji bambanci!" Ta zuba a kaskon garwashi, ta lulluɓa da zane, ta fito tana cewa kanta ya yi sakayau. Matan unguwa, har da Fulanin rugar da ke bayan gari, suka riƙa zuwa roƙo, tana gutsura musu kaɗan-kaɗan tana ba su labarin ɗanta da ya ƙetare teku saboda ita.

Bayan 'yan makonni jiri ya kayar da ita a bakin murhu. Da na duba, ƙwayoyinta na asibiti suna kan taga, ko buɗe su ba a yi ba.

"Me zan yi da su, ga na ainihi ka kawo min?"

Hankalina ya tashi. In na yi shiru, ƙaryata za ta kashe ta. In na faɗa mata gaskiya, da wane ido za ta dubi matan da ta raba wa? Sai na ce, "Goggo, na manta ban gaya miki ba. Masu giwar sun ce hayaƙin ba ya aiki sai an haɗa da ƙwayar asibiti kullum."

Ta ce, "To, ai su suka san giwarsu." Ta miƙo hannu na zuba mata, ta kora da ruwa.

Tana sha har yau, jinin kuma ya sauka. Ranar sallar da ta wuce, muna durƙushe gabanta ni da 'ya'yana, ta dafa kaina ta ce, "Allah ya ba ka masu yi maka kamar yadda ka yi min."

Duk ɗakin aka amsa da amin. Babbar 'yata ta taɓa ni ta ce, "Baba, ba ka ce amin ba."