Naman kazar da muka tsinto a Orozo

Assalamu alaikum. Na san na daɗe ban ce komai a nan ba. Hoton da na saka na ƙarshe shi ne na kwandon nan cike da ganye da naman kaza, wanda kuka yi ta cewa in aiko muku. Yau zan faɗa muku abin da ya biyo bayansa.

Da damina ta sauka, yayata Hajara ta zo daga Malumfashi ta kwana biyu a wurina a Orozo. Ita ta raine ni bayan rasuwar Innarmu. Ta ga ina sayen alayyafo a kasuwa, ta riƙe baki.

"Ke Bilki, ga tafasa har bakin ƙofarki, kina sayen ganye? Abuja ta lalata ki."

Haka muka fara fita da safe bayan sababbin gidajen da ake ginawa. Ta nuna min lalo, ta nuna min gasaya da rama. Duk waɗannan na san su tun ina yarinya, mantawa kawai na yi. Muka yi ta cin kwaɗo lafiya lau.

Ranar nan muka tarar da naman kaza fari tas a gindin wata bishiya. Yaya ta ce irin wanda Inna take tsintowa ne a kan suri, gidan gara. Na ce amma wannan ba a kan suri yake ba. Ta juya shi, ta shinshina, ta ce shi ne.

A gidanmu akwai yadda ake yi da sabon abin daji. Babba ce take fara ɗanɗanawa, a jira. In ba abin da ya same ta, sai kowa ya ci. Yaya ta dafa, ta ci da hantsi, muka jira har azahar. Tana ta dariya tana tsefe min kai. Sai muka zuba a kan tuwo, ta ƙara ci tare da ni. 'Yata Sadiya ta ce warin ƙasa yake mata, ta ƙi. Yaya ta ce, "'Yar birni, je ki ci taliyarki."

Da magariba Yaya ta fara amai. Kafin isha'i ni ma na bi. Amai da zawo, ciki kamar ana murɗa shi. Mai kemis ya zo ya sa mana ruwa, ya ce wa maigidana, "Oga, ba komai, abinci ne ya ɓata ciki."

Kuma washegari muka ji sauƙi. Wallahi har shara na yi. Yaya ta sha kunu ta ce gobe za mu koma tsintar tafasa.

Wannan sauƙin ne ya cuce mu.

Ranar da ta biyo baya Sadiya ta kalle ni ta ce, "Mama, idonki ya yi ruwan ɗorawa." Na leƙa ɗaki, Yaya tana kwance tana kiran sunan Inna, ba ta gane ni ba.

A asibiti likita ta tambayi me muka ci. Baban Sadiya ya nuna mata hoton kwandon a wayata. Ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Irin wannan ba ya nuna kansa da wuri. Lokacin da kuka ji sauƙi, lokacin yake cin hanta."

Aka raba mu. Ni ɗakin mata, Yaya can ciki inda ba a barin kowa ya shiga. Kullum da safe a ɗebi jinina a auna hanta. Ruwa na ƙarewa a rataya wani. Hannuna ya kumbura har nas ta koma neman jijiya a ƙafa. Keken ɗinkina da 'yan kunnena duk suka tafi a magani.

Duk wanda ya shigo, tambayata ɗaya ce: ya Yaya?

"Da sauƙi."

"Ta yi magana?"

"Ki kwantar da hankalinki, da sauƙi."

Sai ga Kawu Sale ya shigo da ledar lemo. Mutumin da ko sunan Sadiya bai zo ba, don ba ya son doguwar tafiya. Ya zauna yana ta gyara hula, ya ƙi kallona.

Na ce, "Kawu, me ya kawo ka Abuja?"

Ya ce, "Ke na zo dubawa mana."

Na ce, "Kawu, kun rufe ta?"

Ya fara ɓare lemon. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ashe tun kafin ya taso aka kai ta makwancinta, likita ce ta ce kada a faɗa min sai jikina ya yi ƙarfi.

Ni Allah ya tashe ni. Awon jinin ya riƙa gyaruwa a hankali, idona ya washe, aka sallame ni. Har yanzu ina komawa a duba hantar, kuma gajiya ba ta sake ni ba.

Ina godiya ga Allah, da likitar nan da nas-nas ɗin, da maƙwabtana da suka riƙe min Sadiya, da maigidana da ya ɗauki wannan labarin shi kaɗai yana min murmushi.

Ku da kuka ce in koya muku shiga daji, ku ji ni. Ku tsaya a ganyen da kuka sani sarai, ku bi wanda ya tashi a wannan ƙasar, don dajin nan ba dajin garinmu ba ne. Naman kaza kuwa, in ba ku da tabbas, ku bar shi a inda yake. Dafawa ba ta kashe gubar. Ɗanɗanawa a jira ba gwaji ba ne. In kun ci kuka fara amai, ku tafi asibiti da saura ko hotonsa, ko da kun ji sauƙi.

Ku sa Yaya Hajara a addu'a.

Tafasa ta sake fitowa a bakin ƙofata. Jiya Sadiya ta tambaye ni, yanzu wa zai riƙa fara ɗanɗana mana? Na ce mata ni ce babba yanzu, kuma na hana.