Ranar da Gwaggo ta ɗanɗana mazarƙwailarmu

Kakanmu ya rasu shekara biyu bayan samun 'yancin kai, ina aji huɗu a firamare. Ya bar injin matsar rake guda ɗaya a gonarmu ta bakin fadama, kusa da Ikara, irin wanda doki ke zagayawa da shi. 'Ya'yansa maza biyu ne, Baffa da ke zaune a Maƙarfi da kuma mahaifina, wanda shi ne ƙarami. Baffa ya ce a tumɓuke injin a kai masa, tunda rakensa ya fi yawa. Baba bai yi musu ba, amma na ga ya daina cinye tuwonsa. Tun yana yaro yake tsaye a bakin kaskon dafa mazarƙwaila, bai san wata sana'a ba.

Dangi suka ce a bar wa Gwaggo maganar. Ita ƙanwar kakanmu ce, tana yin alewa da nakiya a Kudan, kuma masu dafa mazarƙwaila na tsoron harshenta. Ta aiko cewa kowa ya kawo dahuwarsa ta farkon kaka, wanda tasa ta fi shi zai riƙe injin.

A gidanmu aka taru bayan la'asar. Inna ta yi tuwon dawa da miyar kuka, amma Gwaggo ta hana a saka yaji, ta kuma hana kowa cin goro tun safe. Baffa ya sha wahalar wannan, sai hamma yake yi. Ni ina zaune a gefen tabarmarta, don idonta ya yi rauni kuma ni nake miƙa mata abin da take so.

Da aka kwashe kwanuka, aka kawo mazarƙwailar a faifai biyu. Ta Baffa jawur take, tana sheƙi. Ta Baba ta fi duhu, gefenta ma ya ɗan gutsure.

"Auta, wannan mazarƙwaila ce ko tubalin gini?" in ji Baffa. Mutane suka yi dariya.

"Yaya, ai ba a ci ba tukuna," Baba ya ce, kansa a ƙasa.

Gwaggo ta kurkure baki da ruwan randa. Ta ɓalli ta farko a kusa da kunnenta, ta saurari ƙarar karyewarta, ta shinshina, sannan ta ɗora ɗan guntu a harshe. Ba ta tauna ba, ta bar shi ya narke. Ta sake kurkure baki ta yi wa ta biyun haka. Daga nan ta jiƙa kowacce a ruwan ɗumi cikin ludayi, ta shanye a hankali, ta shafa gindin ludayin da yatsa ko akwai yashi. Fuskarta ba ta nuna komai ba.

"To, Gwaggo?" Baffa ya tambaya.

"Saurin me kake yi, babba? Jirgi za ka shiga? Ku juya mini baya, ku biyun."

Suka juya kamar yaran makaranta. Ta ciro ɗankwali biyu daga ƙullinta ta sa aka ɗaure musu ido. Ta ba kowa guntu ɗaya a hannun dama, ɗaya a hagu, ta ce kowa ya nuna mata tasa.

Baffa ya tauna ta hagu, ya yamutsa fuska. "Wannan zaƙi ne kawai, ba ta da jiki. An yi gaggawar sauke ta." Ya ci ta dama ya gyaɗa kai. "Yauwa. Ga tawa. Ki ji yadda take zama a baki, Gwaggo, kamar ta marigayi."

Na san guntun da ke hannunsa na dama, don daga faifan Baba aka ɓallo shi a kan idona. Na cusa bakin mayafina a baki.

Baba ya ɗanɗana duka biyun. Sannan ya ɗaga hannun hagu. "Wannan ce tawa. Akwai ɗan hayaƙi a ƙarshenta. Ɓawon raken da na hura wuta da shi ranar bai gama bushewa ba."

"Na ji hayaƙin," in ji Gwaggo. "Na ɗauka za ka ɓoye. Ku kwance idonku."

Baffa ya dubi abin da ya rage a hannunsa, ya dubi faifan. Kowa ya san 'yan ƙodago ke dafa masa, shi kasuwa yake zuwa, amma babu wanda ya faɗa.

"Gwaggo, wannan ai tarko ne."

"Ni ban ce komai ba, ɗana. Kai ka yanke hukunci, kuma harshenka bai yi ƙarya ba. Irin na ubanka ne."

Sai Baffa ya fashe da dariya har da buga cinya. Ya jefa sauran guntun a baki.

"Auta, injin ya zauna inda yake. Amma rakena zai zo ranar Laraba a kan jakuna, kuma kai za ka tsaya a kan kaskon da kanka."

"In Allah ya so, Yaya."

Washegari a makaranta na ɓalla wa wadda muke zama benci ɗaya guntu daga wadda Baba ya saka mini a jaka. Ban saba fara magana da kowa ba, amma ranar na ce mata, "Babana ne ya dafa."