Garwashin Kaka da Motocin Batir

Shekara ashirin da ɗoriya ke nan ina jan motar haya tsakanin Gazawa da Maraɗi, kuma wallahi na gaji. Irin gajiyar nan ce da mutum zai kwanta da ita, ya tashi ya tarar tana zaune tana jiransa. Sawu biyu nake yi kullum, ranar kasuwar Cadawa uku. Watan jiya likita a Agye ya ɗaura mini abin awo a hannu, ya duba, ya sake dubawa, ya ce, "Malam Sanusi, jininka ya hau ƙwarai. In ba ka rage ba, wata rana a kan sitiyari za a ɗauko ka." Na ce to. Na karɓi magani, na fito, na koma tasha na yi lodi.

Ɗiyata Rabi tana karatun lantarki a lakol a Maraɗi. Ta zo hutu, kuma na san uwarta ta tsegunta mata maganar likita, amma ba ta ce mini uffan ba. Ran nan bayan magariba ina zaune ina matsa gwiwa, sai ta durƙusa gefen tabarma da waya a hannu.

"Baba, ka taɓa ganin tseren motocin da ba su shan mai?"

"Motar da ba ta shan mai ai amalanke ce," in ji ni.

Ta yi dariya, ta kunna mini na bara. Ta ce na bana ya kusa farawa, ƙasa zuwa ƙasa za su riƙa bi har tsakiyar damina. Wasu motoci ne masu kwanciya a ƙasa, ba ruri, sai wata shewa siririya. Rabi ta ce cajin batir ɗaya ake yarje wa kowa, daidai wa daida, ta nuna mini lamba a gefen sunan kowane direba tana raguwa. Wani mai jar mota ya taka tun daga farko, ya wuce kowa. Ni kuwa jinin direba, har na gyara zama ina cewa, "Yawwa, namiji!" Can kusa da ƙarshe sai na ga yana ja baya. Wannan ya wuce shi, wancan ya wuce shi, har ya tsaya cik yana hangen tutar ƙarshen tsere.

"Mi ya same shi?"

"Ya cinye rabonshi tun da sauran tahiya, Baba."

Ban ji sauran bayaninta ba. Hayaƙin karan gero ne ya dawo mini a hanci, na shekara arba'in da suka wuce.

A ƙauyenmu, gabas da Gazawa, in an gama kaka an ɗaure damma, Kaka Delu kan hura wuta a ƙofar ɗakinta bayan an ci tuwo. Mu jikoki mu kewaye ta, kowa da ayarsa a aljihu. Ashana ba kullum ake da ita ba a lokacin, ɗiban wuta ake zuwa maƙwabta da tsingaro, kuma ni ake aika. Ni kuma ban iya tafiya ba sai gudu. Sau nawa na iso da toka zalla, sau nawa tartsatsi ya ci mini riga! Kaka ta kan dube ni ta ce, "Kai, wanga maigida nawa, in kai za ka ciyar da ni, ɗanyen gari zan ci har in mutu." Sai ta gyara zane, ta ce, "Ga ta nan tahe, wa zai tarbe ta?" Mu ce, "Mu ne, ta shigo!"

Tatsuniyoyinta da yawa, amma akwai guda da take maimaitawa har muka haddace. Wai an yi wani gari da aka kwana bakwai ana ruwa, wutar kowane murhu ta mutu. Yara na kukan yunwa, ga hatsi, ba abin dafawa. Wuta mafi kusa tana maƙerar wani gari, tafiyar rabin yini. Sai wani saurayi, Na-Gudu, wanda ba a taɓa ganin bayan wani a gabansa ba, ya ce shi zai ɗebo. Ya je, ya zaɓi garwashi mafi girma, ya ɗora a tsingaro, ya zuba a guje. Iska na bugun garwashin, yana ƙara ja, yana walƙiya. Mutanen hanya suna ganin haske suna guɗa, suna yi masa kirari, shi kuma yana ƙara mai. Ko da ya hango kukar bakin garinsu, ya duba hannu, sai farar toka. Ya juya ya koma. Haka sau biyu, haka sau uku. A na ukun ƙafa ta ƙi, ya faɗi a gindin kukar.

Akwai wata tsohuwa, Ta-Rana, da ta bi bayansa tun safe ba wanda ya kula. Ita ɗan ƙaramin garwashi ta roƙa. Ta kwantar da shi kan busasshen kashin shanu, ta rufe da toka, ta kare shi da gefen zane. Inda ta gaji ta zauna a inuwa. Da ta iso da almuru, mutane suka leƙa tsingaron suka ce, "Haba Ta-Rana, tokar ce ba mu da ita?" Ta sa kara ta ture tokar, ta hura sau ɗaya, sai ga ja. Daren nan kowane gida aka ɗora tukunya.

A nan Kaka kan ɗaga murya, fiye da yadda kunnuwanmu ke buƙata. "Garwashin da ka bari iska ta gani, na mutanen hanya ne. Wanda ka ruhe shi ka isa gida." Ni kuwa Na-Gudu ne gwanina, kullum sai na tambaya, "Kaka, to ya tashi daga gindin kukar?" Ba ta taɓa ba ni amsa ba. Sai ta ce, "Ƙurunƙus, ta koma inda ta hito. Mai kunne ya ji."

Na daɗe ina zaton da ni take, saboda ɗiban wutata. Sai da na yi furfura na tuna wanda ke zaune bayanmu. Babana ne. Daidai lokacin yake dawowa, ya zauna a bakin rumbu yana wanke ƙafa. Mutum ne da bai san zama ba. Damina yana gona uku, kaka yana dakon hatsi da amalanke zuwa Cadawa, rani yana haƙar rijiya. Gari duk ana yabonsa, in ana gayya shi makaɗa ke fara kira. Kuma shi ne ɗan farin Kaka. Ba ta faɗin sunansa, ba ta haɗa ido da shi, ko gaisuwarsa da ƙyar take amsawa, don kunyar ɗan fari. Sunansa Isa, to ko Annabin za ta ambata sai ta ce ɗan Maryama. Matar da ba ta iya kiran sunan ɗanta, ta yaya za ta ce masa, "Ɗana, ka huta, kana kashe kanka"? Sai ta tara jikoki ta faɗa musu da ƙarfi.

Wata damina, ana maimai, aka ɗauko shi daga gona a kan amalankensa. Bai kai hamsin ba. Kaka ba ta yi kuka a gaban mutane ba, al'ada ba ta ba ta wannan ba ma. Ta ci gaba da hura mana wuta, ta ci gaba da tatsuniya, amma ta Na-Gudu ba ta sake fitowa daga bakinta ba. Da na roƙa, sai ta ce ta manta.

Yau shekaruna sun kai nasa. Ni ma a tasha ana yabona, "Sanusi ba ka gajiya!", ni kuma kamar wawa in ƙara taka mota. Abin da ya ba ni haushi, waɗancan direbobin an rubuta musu abin da ya rage, suna gani yana sauka. Ni ba mai nuna mini tawa lambar.

Rabi ta kashe waya, tana jan zaren tabarma.

"Baba, za ka kalli na bana tare da ni?"

"In sun fara ki kira ni."

"Ba na farin nake nuhi ba," ta ce, kanta a ƙasa. "Na ƙarshen. Na damina."

Na ce ta tashi ta kawo mini ruwa, don kada ta ga idona.

Washegari na yi sawu ɗaya na dawo Gazawa da azahar. Ɗan kamasho ya ƙwala mini kira, "Sanusi, layinka ne, ga fasinja!" Na ce a ba na bayana. Ya bi ni da kallo, wani ya ce ko ba ni da lafiya, wani ya ce tsufa ya zo. Na kulle mota na taho gida da ƙafa, a hankali, raina na ta ƙaiƙayi. Ban saba ba, kuma ba zan yi ƙaryar cewa na ji daɗi ba. Amma Kaka ta yi shekaru tana ɗaga murya ga mai wanke ƙafa a bakin rumbu, bai ji ba. Ni ina so in kai damina.