Jinjina ga Malam Sabitu, Mai Rediyon Kurfi

Da an idar da sallar la'asar a Kurfi, kafin jama'a su gama gaishe-gaishen ƙofar masallaci, za ka ga Malam Sabitu ya zari takalmansa ya nufi ɗakin karatu. Sai ya fito da tebur ƙarƙashin cediya, ya koma ya rungumo akwatin rediyon hukumar En'e kamar mai ɗauko jinjiri, ya goge shi da gefen rawaninsa. Ya jawo wayar da ya ɗaure a kan doguwar gora ya haɗa, ya durƙusa ya maƙala batir. Daga nan sai ya kara kunne yana murɗawa a hankali, akwatin yana ƙugi yana tari, har muryar Kaduna ta fito tas. In mai magana ya yi sallama, Malam Sabitu yakan amsa masa a fili. Na yi masa tsiya a kan wannan har na gaji, amsarsa dai ɗaya ce: "Malam, sallama ai amsa ta akai, ko daga ina ta hito."

Haka yake yi tun kafin a sami mulkin kai. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, akwatin kuma a mayar da shi Katsina. Ni ne malamin yaƙi da jahilci da muke raba ɗakin nan da shi, ni da hantsi shi da yamma, saboda haka abin da zan faɗa gani na yi, ba ji ba.

Wanda bai ga farkon zuwan akwatin nan ba, ba zai yarda ba. Mutane daga Tamawa, daga Wurma, har daga Makera suke takowa, a cika gindin cediya, yara su ɗare rassa. Kowa ya san muryoyin masu karanta labarai, ana ma musu a kan wanda ya fi iya jan magana, amma ba mai tambayar yadda aka yi muryar ta iso Kurfi. To, a bayan keke take isowa. Batirin nan na mota ne, nauyinsa ya kai na dutsen niƙa, in ya mutu kuwa sai an kai shi Dutsin-Ma wurin Labaran bakanike ya ba shi wuta. Malam Sabitu ke ɗaure shi a keke ya kai ya dawo, rani da damina. Ruwan batir ya cinye masa wanduna ba adadi, har maiɗakinsa Rekiya ta ce ita fa ta gane, tela aka mai da ita ba ta sani ba.

Zamanin siyasa ma ya sha nasa. In labari bai yi wa wannan ɓangare daɗi ba, su ce ya kashe. In bai yi wa wancan daɗi ba, su ce da gangan ya kamo. Ranar da wani ya ɗaga wa akwatin gora, cewa kawai ya yi, "In ka hwasa shi, na Kaduna bai yin shiru, mu dai mu ka daina ji." Mai gora ya duba, ya ga gaskiya ce, ya nemi wuri ya zauna.

Sai zamani ya juya. Ƙananan rediyoyin ratayawa suka shigo, masu cin batirin tocila. 'Yan kasuwa suka fara saye, malaman makaranta suka bi, ni ma ga nawa nan a kan taga. Saurayi ya rataya nasa a kafaɗa yana yawo da shi ko a kashe yake. Abin ci gaba ne, ba na musu, yanzu manomi yana noma yana jin duniya. Amma gindin cediya ya soma yoyo. Masu hali suka koma zaurukansu, aka bar Malam Sabitu da tsofaffi da makiyaya da waɗanda ba su da abin saye. En'e ta daina aiko da sabon batir, shi kuwa ya je ya roƙi wani tsoho na motar gyaɗa wurin Labaran, ya ci gaba da fito da teburinsa kamar ba abin da ya faru. Na sha jin tausayinsa in na gan shi yana goge akwati ga tabarmi ba kowa.

Da yaƙin basasar nan ya ɓarke, gidan rediyo ya soma wani shiri da ake ɗauko muryoyin sojoji suna gaida gida, kuma ranarsa ta dace da ranar kasuwarmu. A nan ne Dada Sauda ta shigo labarin. Tsohuwa ce Bafillatana daga wata ruga kusa da Wurma, nono take kawowa kasuwa. Ɗanta na fari, Yero, ya shiga soja, tun tafiyarsa kuma ko ƙyas ba a ji ba. Kun dai san al'ada: uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta cigiyarsa, in ma ana maganarsa sai ta kau da kai. Wurin Dada abin ya wuce haka, don ƙanen mijinta Jibo ne ya riƙe yaron tun yaye, ita ko "wancan na Jibo" ba ta cika faɗa ba. Ga wuta a zuciya, ga baki an ɗaure.

Abin da ta yi shi ne ta ɗauke ƙwaryarta daga layin masu nono, ta dawo bayan cediya inda ko ƙuda ba ya zuwa ciniki. Ta zauna ta ba akwatin baya. Ni da na lura, na ce wa Malam Sabitu ko zai ce mata ta matso. Ya ce, "In na nuna na gane, kasuwa mai zuwa ba ta dawowa." Washegarin wannan magana sai na ga ya karkata teburin, bakin akwatin ya fuskanci bayan cediya. Wani tsoho ya tambaye shi dalili, ya ce rana ce ke dukan katakon.

Kai ne, Malam Sabitu, ka yi ta ƙara murya daidai lokacin gaisuwar sojoji, kana cewa kunnenka ne ya fara nauyi. Kai ne ka riƙa sayen ragowar nononta don kada a ce zaman me take yi a nan, alhali duk Kurfi an san nono ba ya zama a cikinka.

Ana cikin haka, farkon daminar bana, wani akawu ya zo daga Katsina da mota, ya ce an tsai da shawara a tattara rediyoyin jama'a, shi kuma Malam Sabitu lokacin hutunsa ya yi. Yaro ne mai ladabi, ba shi da laifi, aike aka yi masa. Ina tsaye aka yi.

"Baba, wa ma ke saurare yanzu? Kowa da nasa."

"Ranka ya daɗe, akwai mutum guda."

"Mutum guda za a bar wa kayan hukuma?"

"To ai shi na Kaduna da yake magana, bai san ko nawa ne ba. Ka bar mani shi zuwa kaka. Hutun kuma ba gudu zai yi ba."

Akawu ya tambayi ko wane ne mutumin. Malam Sabitu ya ce ba shi da ikon faɗa. Yaron ya dube shi, ya dubi ramukan da ruwan batir ya yi wa wandonsa, ya ce shi ke nan, zuwa kaka, amma daga nan ba ƙari.

Watanni suka yi ta tafiya, sojoji suna ta gaida Funtuwa da Daura da Gusau, babu Wurma. Ranar da abin ya zo kuwa, an kwana ana ruwa, rafi ya cika, kasuwa ba ta ci ba, Dada ba ta sami ƙetarowa ba. Mu huɗu ne a baranda, akwatin yana ta ƙarar tsawa. Can sai muka ji wata murya ta ce ita ce Yero daga rugar Jibo ta wajen Wurma. Malam Sabitu ya manna kunnensa a jikin akwatin ya rufe ido. Kafin ka ce kwabo an wuce zuwa wani soja. Halin rediyo ke nan, sau ɗaya yake faɗa, ba ruwansa da wanda rafi ya tare.

Da safe ya ce in raka shi. Muka tura keke cikin taɓo, muka ɗauke shi a ka wajen ƙetare rafi, ina ta mita yana ta motsa baki shi kaɗai, ashe bitar saƙon yake yi kada ya zube a hanya. Muka isa hantsi ya dubi ludayi. Dada tana bakin bukkarta tana wanke ƙore. Malam Sabitu ya gaishe ta gaisuwar da ake yi wa kowa, ya wuce wurin Jibo, ya zaɓi wurin zama kusa da bukkar, ya ba ta baya. Ya fara da labarin ruwa da na allurar shanu, sa'an nan ya ɗaga murya.

"Af, Jibo, jiya kau na ji yaron wajenka a rediyo. Ya ce a gaishe ka. Ya ce ya ji ciwo a ƙahwa amma ya warke, yana takawa. Ya ce a gaida mutanen gida duka, babba da yaro."

Shi ma yaron, ka ji, bai ambaci uwarsa ba. Ɗanta ne.

Jibo, mutumin da kan jiyo kukan maraƙinsa ko daga bayan tudu ne, sai ya kama kunne ya ce, "Mi ka ce, Malam? Iska na ɗauke maganar." Malam Sabitu ya maimaita. Jibo ya ce har yanzu bai ji wajen ƙafar nan da kyau ba. Aka sake maimaitawa. Na saci kallon Dada, ƙwarya ɗaya take ta wankewa tun zuwanmu. Can ta miƙe ta ce, "Jibo, baƙinka ko ruwa ba a ba su ba," ta zaga bayan bukka. Ruwan nan ya daɗe bai zo ba, mu kuwa ba wanda ya yi ƙorafin ƙishirwa.

Da za mu tafi ta rako mu har bakin garke, abin da ba ta saba ba. Ta tsaya tana duban ƙasa ta ce, "Malam, shi mai maganar nan da ka ji, muryar tasa ta mai cin abinci ce?"

Malam Sabitu ya sunkuya yana taɓa tayar kekensa. Ya ce, "Ta ƙosasshe ce, Dada."

Ta ce, "To, madalla. Ku gaida gida." Ni dai, ba na jin kunyar faɗa, hawaye na yi har muka kai rafi.

Sabitu na Rekiya, kunnen marasa akwati. Ba a taɓa jin muryarka a rediyo ba, ba a taɓa kiran sunanka a cikinsa ba, amma mu nan ta hannunka muka san shi. Mun gode. Allah ya ba ka hutu mai albarka, ya sa wahalar hanyar Dutsin-Ma ta zame maka nauyi a mizani.

Ku kuma masu rediyon ratayawa, tunda gindin cediya zai tashi, aikin ya dawo kanku. In lokacin gaisuwa ya yi, ku fito da shi ƙofar gida ku ƙara murya, kada ku tambayi wanda ya raɓo me ya kawo shi. Ku ma samarin da ke magana a Kaduna, ga roƙon wani malamin ƙauye: in soja ya faɗi sunansa da garinsu, ku daure ku sake faɗa a hankali. Akwai uwar da ke saurare, kuma ba za ta iya cewa a maimaita ba.